Na'ura Mai Murya Ɗaya: Inda Sabon Makaɗin Lantarki Zai Fara

Kafin mu shiga magana, ku ɗan kasa kunne.

[Sautin bes mai kauri, ana buɗe shi a hankali har ya yi kaifi, sannan a sake rufe shi]

Wannan amo da kuka ji babu fatar da aka buga, babu tsirkiyar da aka taɓa, babu wanda ya busa komai aka naɗa. Wutar lantarki ce ke kaiwa da komowa a cikin wani akwati, lasifika ta mayar da ita sauti. Akwatin shi ake kira sintasaiza, kuma irin wanda za mu tattauna a kansa yau shi ne na analog mai murya ɗaya. Shirin na matasanmu ne da ke harkar situdiyo, da waɗanda suka gaji da zura wa kwamfuta ido suna jan linzami, suke son su haɗa kiɗa da na'urar da hannu zai taɓa.

Mu fara da raba shi da fiyanon da muka sani. Fiyanon Yamaha da ya riƙe waƙoƙin finafinan Hausa shekara da shekaru, sautukan da ke cikinsa ajiyayyu ne. An ɗauko sautin sarewa, na ganga, na goge irin na Turawa, an zuba a ƙwaƙwalwarsa, kai kuma ka zaɓi lamba ka danna. Sintasaizar analog ba ta da irin wannan ajiya. Duk abin da za ta faɗa, a lokacin take ƙera shi, kuma kai ne za ka murɗa maɓallan da za su ba shi siffa. Murya ɗaya kuwa na nufin ko yatsu biyar ka ɗora a kan madannai, sauti guda za ta fitar.

Na san wani zai ce, to ina amfanin kashe kuɗi a kan abin da ba ya iya haɗa sauti uku a tare? Ai mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Mai algaita a ƙofar fada sauti ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, amma duk gwanintarsa tana cikin yadda yake lanƙwasa wannan sauti, ya ja shi, ya girgiza shi, ya zame daga wannan zuwa wancan ba tare da ya yanke ba. Aikin da wannan na'ura ta ƙware a kai ke nan. Ita ce ta bes, ita ce ta jan baƙi a gaba, sauran kayan kiɗa su bi ta.

Tarihinta a taƙaice. Wani injiniya Ba'amurke, Robert Moog, ya fara sayar da manyan sintasaizoji a 1964, masu cika bango guda, sai an haɗa sassansu da wayoyi kafin su ce uffan. Galibi jami'o'i da manyan situdiyo ne ke iya sayensu. A 1968 Wendy Carlos ta fitar da faifan Switched-On Bach da irin wannan na'ura, duniya ta waiwayo. Sai a 1970 kamfanin Moog ya ƙanƙance abin, ya haɗa wayoyin tun daga ciki, ya sa madannai 44, ya kira shi Minimoog. Daga ranar makaɗi ya samu abin da zai saɓa ya tafi da shi wurin wasa.

Kusan duk na'urar da za mu ambata yau tsarin Minimoog take bi, don haka wanda ya gane shi ya gane saura. Sassa uku ne. Na farko osileta, ita ke haifar da ɗanyen sauti. Tana da siffofi: akwai haƙorin zarto, mai kaifi da cika kunne; akwai mai kusurwa huɗu, wanda ke fita kamar ta cikin bututu; akwai alwatika, mai taushi. Na biyu filta, matacin sauti, wanda ke rage kaifin ɗanyen sautin nan gwargwadon yadda ka buɗe ko ka rufe shi. Kusa da maɓallinsa akwai wani da ake kira rezonans, mai ƙara ƙarfin sautin da ke daidai bakin inda filta ta yanke, har ya koma kamar fito idan an matsa masa. Na uku shi ne sashen da ke tsara yadda sauti zai tashi, ya tsaya, ya mutu, sau da yawa za ku ga haruffa huɗu a jikinsa, ADSR. Da shi za ka sa sauti ya faɗo kwatsam ya ɓace, ko ya taso a hankali ya daɗe. Akwai kuma ƙaramar osileta mai tafiyar hawainiya, LFO, wadda ba a jin ta, aikinta ta riƙa girgiza sauran.

To idan duk tsarinsu ɗaya, me ya sa masu harkar ke ta musu a kan wacce ta fi? Amsar tana wurin filta. Osileta ta wannan kamfani da ta wancan ba su cika nisa da juna ba, amma filta ita ce halin na'ura.

Ku ɗauki Minimoog. Osileta uku gare ta, kuma filtarta, wadda Moog ya yi wa rajistar mallaka, tana yanke sauti da ƙarfin desibel 24 a kowane oktaf. Idan ka saita osileta biyu suka ɗan saɓa wa juna kaɗan, ka turo su da ƙarfi cikin wannan filta, sai ka ji sauti mai kitse, mai zagaye, wanda ke zama a ƙirji. Shi ne bes ɗin da Bernie Worrell ya buga a waƙar Flash Light ta ƙungiyar Parliament, kuma Kraftwerk na Jamus sun yi aiki da ita a faifan Autobahn na 1974. Tana da nata aibin. Da zarar ka ƙara rezonans, kaurin bes ɗin sai ya ragu. Ba ta kuma ajiye sauti, in ka ƙera mai daɗi yau ka murɗa maɓalli gobe, ya tafi, sai dai in ka zana saitin a takarda.

Yanzu ku ji kishiyarta.

[Sauti mai kaushi, yana ƙara kamar zai tsage]

Wannan Korg MS-20 ce, 'yar Japan, ta fito a 1978. Osileta biyu, amma filta biyu: ɗaya na rage kaifi daga sama, ɗaya na rage kauri daga ƙasa, kowace da nata rezonans. Inda Moog ke lallashi, ita MS-20 ihu take yi. Ka matsa mata sai ta yi kururuwa, ta yi gurnani, kuma masoyanta wannan rashin kunyar suke so. A hannun dama tana da allo mai ramuka inda ake soka wayoyi a sauya hanyar da sauti ke bi. Abin da ya fi jan hankalina a jikinta shi ne ƙofar shigar da sauti daga waje. Kana iya sa makirfo a gaban kalangu ko gurmi, ka bi da sautin ta cikin filtocin nan biyu, ka fito da abin da ba a taɓa ji a unguwarku ba. Tana ma da sashen da ke bin tashi da saukar sautin da aka shigar, ta mayar da shi umarni ga osileta, wato ka rera da baki ita kuma ta bi ka, ko da yake takan yi tuntuɓe in sautin bai fita tsaf ba.

Akwai ARP Odyssey ta 1972, mai sauti siriri da cizo, wadda ke iya fitar da sauti biyu in an matsa. Ita Herbie Hancock ya buga bes ɗin waƙar Chameleon da ita a 1973. Akwai Roland SH-101 ta 1982, osileta ɗaya da ƙaramar mai tallafa mata daga ƙasa, jikin roba, tana aiki da batir, tana da sikwansa, wato sashen da za ka shigar masa da jerin sautuka ya riƙa maimaita su da kansa. Ba ta da kitsen Moog, ba ta da haukan Korg, amma da wuya ka fitar da mummunan sauti daga cikinta, kuma komai nata a fili yake.

Labarin da na fi so a wannan fage shi ne na Roland TB-303. An yi ta a 1981 don mai jita da ba shi da abokin buga bes ya samu abin rakiya. Ba ta yi kama da jitar bes ko kaɗan ba, shigar mata da kiɗa kuma wahala ne, kasuwa ta ƙi ta, aka daina ƙera ta a 1984. Ta koma shagunan gwanjo a arha. Wasu matasa baƙar fata a birnin Chicago, ƙungiyar Phuture, suka samu ɗaya, suka bar ta tana maimaita jeri guda suna ta murɗa filta da rezonans. Abin da ya fito shi ne waƙar Acid Tracks a 1987, kuma daga nan aka samu salon kiɗa sukutum mai suna acid house. Ba su da na'urori goma. Sintasaiza guda ce a gabansu, suka tatse ta.

Abin da ya jefa irin waɗannan na'urori kwandon gwanjo shi ne zuwan dijital. A 1983 Yamaha ta fitar da DX7, mai muryoyi 16, mai ajiye sautuka, wadda saitinta ba ya gocewa. A shekarar ce kuma aka fito da MIDI, yaren da na'urorin kiɗa ke magana da juna, wanda Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland suka jagoranci samar da shi. Kowa ya juya wa analog baya. Sai da aka shekara kusan talatin kafin ta dawo da ƙarfi a farashin da talaka zai iya tunkara, musamman daga 2012 da kamfanin Arturia na Faransa ya fitar da MiniBrute.

Kada a ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. A Enugu, William Onyeabor ya gina situdiyonsa, ya tara sintasaizoji har da na Moog, ya fitar da faifai tsakanin 1977 da 1985 waɗanda duniya ba ta farga da su sosai ba sai da aka sake buga su a 2013. A Yamai kuwa Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa a 1978 da ogan ɗin lantarki ƙirar Italiya. Tasa ba sintasaiza ba ce irin wadda muke magana, amma ya nuna yadda karin waƙoƙin Sahel ke zama daram a kan na'urar lantarki, har rediyo da talabijin na Nijar suka daɗe suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye.

To mu zo kan tambayar da ta tara mu. Matashi na da ɗan kuɗinsa, wacce zai saya?

Minimoog ta asali a cire ta a lissafi. Ko sabuwar da kamfanin ya sake fitarwa a 2022, dala 5,000 ba ɗaya aka sa mata. Amma kamfanin Behringer ya kwaikwayi tsarinta ya fitar da Model D a 2018 a kan dala 300 ko kusa da haka. Ana ta cacar baki a kan ko wannan kwaikwayo ya dace, sai dai ta fuskar sauti ta yi kusa ƙwarai. Matsalarta ga mai farawa: ba ta da madannai, ba ta da sikwansa, ba ta ajiye sauti. Sai ka nemo wani fiyano ka haɗa ta da shi ta wayar MIDI. A nan a kula, yawancin ƙananan fiyanon Yamaha na yanzu ramin USB kawai gare su, ba su da ramin MIDI mai ƙusa biyar, don haka ba za su haɗu da ita kai tsaye ba sai ta kwamfuta ko wani ɗan akwati na tsakani.

Korg ta dawo da MS-20 a ƙaramin jiki a 2013. Na'ura ce ta wanda ke son bincike, mai haƙurin zama da wayoyi. Wanda ke son ya gama waƙa a daren nan zai sha takaici. Arturia MicroBrute, ita ma ta 2013, osileta ɗaya ce mai kaushin murya, da sikwansa, kowane maɓalli aiki ɗaya yake yi, ga koyo babu kamarta, amma ita ma ba ta ajiya. Moog Grandmother ta 2018 kyakkyawa ce, tana da amsa-kuwwa ta ainihin sifirin a cikinta, sai dai kuɗinta ya fi na waɗannan yawa.

Biyu nake ganin sun fi dacewa da yanayinmu. Ta farko Novation Bass Station II, 'yar Ingila, ta 2013. Madannai 25 cikakku, osileta biyu da mai tallafi, filta iri biyu, ɗaya mai santsi ɗaya mai salon acid, tana ajiye saitin sautuka 128, tana kuma iya shan wuta ta wayar USB daga kwamfuta. Osiletocinta analog ne amma agogon dijital ke riƙe da saitinsu, saboda haka ba sa gocewa. Wanda ke aikin kuɗi a situdiyo, mawaƙi na tsaye yana jira, wannan ita ce tasa.

Ta biyu Korg Monologue, wadda aka bayyana a ƙarshen 2016, kuma in ni za a tambaya, ita zan miƙa wa mai farawa. Dalilina uku ne, na ukun ya fi nauyi. Tana aiki da ƙananan batura shida, ko an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba. Tana da ɗan gilashi da ke nuna siffar sautin yayin da kake murɗawa, ido na gani kunne na ji, koyo ya zo da sauri. Sannan tana ba ka dama ka sauya saitin kowane madanni ɗaya bayan ɗaya. Fiyano ya raba oktaf gida 12 daidai wa daida, amma mai goge ko mai gurmi ba da wannan ma'auni yake ɗaure tsirkiyarsa ba. Shi ya sa wani lokaci in an ɗora waƙar gargajiya a kan fiyano sai ka ji kamar an sa mata rigar aro. Da Monologue kana iya zama kusa da mai gurmi, ka saita madannanka su dace da nasa, ka adana. Makaɗin nan na Birtaniya, Aphex Twin, shi ya ba kamfanin shawara a kan wannan sashe. Aibinta, madannan ƙanana ne, sashen tsara tashi da faɗuwar sauti kuma an taƙaita shi, bai kai na Bass Station ba.

Sayen sintasaiza rabin tafiya ne. Kana buƙatar abin ji: hedifon mai kyau ya fi ƙaramar lasifika mai arha, domin yawancin aikin wannan na'ura a ƙasa yake, inda lasifikar waya ba ta kaiwa. Kana buƙatar abin ganga. Ƙaramin Korg Volca Beats ya isa a fara, yana da batir, kuma siririyar waya guda za ta sa shi tafiya a taki ɗaya da Monologue. In na'urori sun kai biyu, sai ƙaramar miksa. Sai kuma abin naɗa, ko dai rakoda ta hannu ko sawun-kad da kwamfuta. A tuna, wayar MIDI ba ta ɗaukar sauti, umarni kawai take kaiwa: danna wannan, saki wancan, ga saurin tafiya. Sautin kansa ta wayar jak yake fita. Masu farawa da yawa sukan haɗa MIDI su zauna jiran sauti, shiru, su ɗauka na'urar ta lalace.

Kuma kada wani ya ce maka sai ka jefar da kwamfuta. FL Studio ko Cubase ɗin da ka saba da shi zai zama rakodarka. Ka naɗi bes a layi na farko, ka sauya saiti ka naɗi jan baƙi a na biyu, ka rufe osileta ka buɗe sautin shuuu da ake kira noyis, in na'urarka na da shi, ka ƙera abin da zai tsaya a madadin kacau-kacau a na uku. In kana son sautuka uku a tare, ka naɗe su ɗaya bayan ɗaya. Da na'ura guda mai murya guda ana gama waƙa cif. Shawarata, ka yi wata shida da ita kafin ka sake sayen wata. Ciwon da ke kama masu wannan harka shi ne tara kaya, ɗaki ya cika da wayoyi, waƙa ko ɗaya ba a gama ba.

Saura maganar da littafin kamfani ba zai gaya maka ba, domin ba don ƙasarmu aka rubuta shi ba. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. In an aiko maka da na'ura daga can, karanta jikin adafta kafin ka soka. In ba ka ga an rubuta 100 zuwa 240 ba, tsaya ka nemi taransifoma. Kada ka ɗauki adaftar wata na'ura ka sa wa wata don kawai bakin ya shiga, domin kamfanoni sun saɓa a kan wace waya ce mai kai wuta a tsakiyar bakin, kuma kuskure ɗaya ya isa ya ƙona allon ciki. Kada ka haɗa ta kai tsaye da ƙaramin janareta, a bi ta sitabilaiza, ko mafi kyau inbata mai tsaftatacciyar wuta. In an ɗauke wuta, zare filogi kafin a dawo da ita.

Zafi ma yana taɓa ta. Osiletar analog ta gaske saitinta na motsawa da ɗumin ɗaki, don haka a kunna ta a bar ta kamar minti goma sha biyar kafin a saita a fara naɗa, kuma kada a ajiye ta inda rana ko iskar fanka ke dukanta kai tsaye. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Tana shiga cikin maɓallan murɗawa, sai ka ji ƙarar ƙas-ƙas duk sanda ka taɓa. A rufe ta da ƙyalle in an gama, masu maɓallan ja sama da ƙasa irin na SH-101 sun fi saurin kamuwa.

Wanda zai sayi ta hannu, kada ya biya sai ya gwada. Ya tafi da hedifon ɗinsa. Ya danna kowane madanni daga farko har ƙarshe. Ya murɗa kowane maɓalli a hankali yana saurare. Ya buga sauti ɗaya a ƙasa, ya buga takwaransa a oktaf na sama, ya ji ko sun dace. In na saman ya kauce sosai bayan na'urar ta yi ɗumi, tana buƙatar gyaran saiti daga ciki, kuma masu wannan gyara ba su da yawa a kusa. Ya buɗe gidan batir ya duba ko tsohon batir ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen. Ya kuma tabbata adaftar da aka ba shi ta asali ce, in ba ita ba ce a rage masa kuɗinta.

Lokaci ya cim mana. A shiri na gaba za mu zauna da Monologue a nan situdiyo, mu ƙera sautin bes tun daga ɗanyen haƙorin zarto, maɓalli bayan maɓalli, ku ji yadda yake sauyawa. A huta lafiya.